Kwas ɗin Shugabanni na Ranakun Asabar a Zariya: Abin da Ake Samu da Abin da Ya Rage

Cibiyoyi masu zaman kansu da ke shirya wa shugabanni bita sun yawaita a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru, kuma tallar yawancinsu iri ɗaya ce: a zo a koyi shugabanci, a karɓi takardar shaida. Wanda muka duba kwas ne na mako takwas da wata cibiya a Sabon Gari take gudanarwa ranar Asabar kaɗai, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, ajin kuma ba ya wuce mutum 30. Masu zuwa su ne masu makarantun kuɗi da hedimastocinsu, shugabannin Islamiyyu, shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, 'yan kwamitin masallaci, jagororin ƙungiyoyin gama-kai na manoma daga wajen Giwa da Soba da Maƙarfi, sai 'yan tsirarun ma'aikatan ƙananan hukumomi. Mafi yawansu sun haura shekara arba'in, wasu ma rabonsu da zama a benci tun kafin a haifi sakataren da ke rubuta musu takarda.

Dalilin da ya sa irin wannan kwas ya cancanci a duba shi da idon basira ba wani abu ba ne illa yadda ƙasa take juyawa a ƙarƙashin ƙafar shugaba. Wanda ya gama karatunsa a 2005 bai karanta Dokar Sayayya da Kwangilar Gwamnati ta 2007 a makaranta ba, bai karanta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba, balle ta fansho ta 2014. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da ya sani, ta 1990, an maye gurbinta da sabuwa a 2020. A 2023 aka kafa dokar kare bayanan jama'a, a shekarar kuma aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, duk wani lissafin kasafi da aka saba da shi ya rushe. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a watan ne kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Mutum yana iya zama mai gaskiya da riƙon amana, jama'arsa suna sonsa, amma yana sa hannu a takarda da ilimin da ya riga ya tsufa. Ɓarna mai yawa a ƙungiyoyinmu ta wannan kafar take shigowa, ba lallai sai ta sata ba.

Zariya kuma ba baƙuwar wannan al'amari ba ce. Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, wadda aka buɗe a 1962, kuma aikinta na asali shi ne horar da akawuna da ma'aikatan En'e da suka riga suka kama aiki. Da aka zo da sabuwar dokar manyan laifuka ta Arewa a 1959, alƙalai masu furfura, waɗanda suka daɗe suna yanke shari'a, nan Kongo aka kawo su suka koma ɗalibai. Gemu bai hana su ba.

Abu na farko da ya bambanta wannan kwas da sauran bitocin otal shi ne sharaɗin shiga. Ba a karɓar mutum hannu rabbana. Sai ya zo da kwafin tsarin mulkin ƙungiyarsa ko ƙa'idojin makarantarsa, da rubutaccen bayanin taruka uku na baya-bayan nan, da littafin shige da ficen kuɗi na wata uku tare da takardar bayanin asusu daga banki ta waɗannan watannin. Wanda ba shi da ɗaya daga ciki sai ya rubuta a fom cewa babu, kuma wannan amsar ita ce darasinsa na farko. Ba a kuma yarda da wakili. Alhaji ba zai biya kuɗi ya aiko yaronsa ya zauna masa ba, wanda ya rasa zama sama da biyu kuma ba ya samun takarda. Wannan tsaurin shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, domin duk aikin da ake yi a aji a kan takardun mutum na gaske ake yinsa.

Makon farko shi ne mafi rauni, ba sai an daɗe a kansa ba. Ana haska rubutu a bango game da ire-iren shugabanci, da siffofin shugaba nagari, da misalan shugabannin manyan kamfanonin Amurka waɗanda ba abin da ya haɗa su da shugaban 'yan tumatir. Mutumin da ya tashi yana jin wa'azin adalci da amana a masallaci ba ya buƙatar a tara shi awa biyar a faɗa masa shugaba ya zama mai gaskiya. Da an rage wannan zuwa awa ɗaya an ba wa dokoki sauran lokacin, da ya fi.

Mako na biyu da na uku, na kuɗi, su kaɗai sun isa mutum ya ce kuɗinsa bai tafi a banza ba. Malamin tsohon mai binciken kuɗi ne, kuma da littafin kowa yake koyarwa. Yana farawa da ƙa'idar hannu uku: wanda ya amince a kashe kuɗi daban, wanda ya biya daban, wanda ya rubuta a littafi daban. A yawancin ƙungiyoyin da suka zo, shugaba ne ke amincewa, shi ke riƙe da katin cire kuɗi, ma'aji kuwa sai dai a faɗa masa da baki bayan an gama. Gyaran da ake koyarwa mai sauƙi ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. Masu sa hannu su zama uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa. Saƙon alat ya riƙa shiga wayar mutum biyu. Kowane biya ya kasance da bauca mai lamba, a rubuta kwanan wata, da wanda aka biya, da dalili, da adadin kuɗi a lamba da kuma a kalmomi, sannan a maƙala rasit a bayanta. Inda mai kaya ba ya ba da rasit, kamar mai yashi ko lebura, sai ya sa hannu ko ya dangwala a baucar, a rubuta lambar wayarsa. Kuɗin ƙananan hidimomi na hannu a yanke masa adadi tsayayye, kada a ƙara sai an kawo rasit na wanda aka kashe.

Daga nan sai daidaita littafi da takardar banki, wanda da yawa daga cikin 'yan ajin ba su taɓa yi ba a rayuwarsu. Matakan huɗu ne: a ɗauki jan biro a bi kowane kuɗin da ya shiga a takardar banki a neme shi a littafi, a yi haka ga kowane kuɗin da ya fita, a rubuta abin da ya rage ba shi da abokin tafiya a kowane ɓangare, sannan a bi asalin kowannensu. Misalin da ake bugawa a allo shi ne littafi ya nuna saura naira 842,000, banki kuma ya nuna 871,500. Bambancin 29,500 ne, kuma ba kuskure ɗaya ba ne, biyu ne suka haɗu. Wani uba ya yi taransifar 35,000 bai kawo shaida ofis ba, ba a rubuta ba. Banki kuma ya cire ƙananan cajinsa da suka taru suka kai 5,500, su ma ba a rubuta ba. A ƙara na farko a debe na biyu, lissafi ya zauna. Amfanin wannan a fili yake: yaron da uban nasa ya biya ba za a kore shi daga aji a kan bashin da babu shi ba, ma'aji kuma ba za a riƙa yi masa kallon ɓarawo a kan kuɗin da banki ya cira ba. Abin da ke ɓata aikin shi ne jinkiri. In an yi shi kowane wata, rabin awa ya isa. In aka bari sai ƙarshen shekara, ba mai iya tuna wane ne ya turo kuɗi da sunan matarsa ko ta wajen mai POS a watan Maris. Shi ya sa ake koya wa makarantu su ba kowane ɗalibi lamba, a roƙi iyaye su rubuta ta a bayanin taransifa.

Darasin kasafi ya fi taɓa masu makarantu. A ɗauki makaranta mai yara 300, kowane yana biyan 20,000 a zango. A takarda kuɗin shiga miliyan 6 ne. Albashin malamai 900,000 a wata, mai makaranta ya lissafa wata uku, ya ga 2,700,000, ya ɗauka yana da rarar 3,300,000, sai ya fara ginin sabon aji. Kuskure biyu ya yi. Na ɗaya, ya lissafa abin da ake bin iyaye, ba abin da ya saba shigowa ba. In littafin bara ya nuna takwas cikin goma ne ke biya, to 4,800,000 ne a hannunsa. Na biyu, kuɗin makaranta sau uku ake karɓa a shekara, albashi kuwa sau goma sha biyu ake biya, don haka kowane zango wata huɗu yake ɗauka, wato 3,600,000. Rarar gaskiya 1,200,000 ce, kuma a cikinta za a sayi alli da man janareta a gyara rufi. Nan ne asalin rikicin albashin watan Agusta da ake yi a makarantu da dama duk shekara. An kuma ja kunne a kan tsohuwar al'adar ɗaukar kasafin bara a ƙara masa kashi goma cikin ɗari. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kamar 2024, wannan lissafin ba ya kai mutum tsakiyar shekara. Abin yi shi ne a je kasuwa a ji farashin manyan kaya biyar ko shida da aka fi kashe wa kuɗi, a sake duba kasafin duk bayan wata uku.

Mako na huɗu na gudanar da taro ne, kuma an yi shi da hikima. Ana raba aji gida biyu, a ba su matsala ta gaske, misali rabon sababbin rumfuna ko sallamar malamin da iyaye ke so amma ba ya zuwa aiki, a ce su yi taro a yanke shawara cikin minti 40. Sai a ga halinmu ƙarara. Shugaba ya fara magana ya faɗi ra'ayinsa, na kusa da shi ya ce "ranka ya daɗe, ai yadda ka faɗa haka ne", sauran su bi, taro ya tashi ba a ji ta bakin wanda ya fi kowa sanin matsalar ba saboda shi ne ƙarami. Girmama manya tarbiyya ce mai kyau, ba wanda ya ce a bar ta. Dabarar da ake koyarwa ita ce shugaba ya juya tsarin magana: ya gabatar da batu ba tare da ya nuna inda ya karkata ba, ya fara tambayar mafi ƙanƙanta da sunansa, ya bi har zuwa manya, shi kuma ya yi magana a ƙarshe. Da haka ba wanda ya saɓa wa babba a gaban jama'a, kuma an ji gaskiya. Hajiyoyin da ke jagorantar ƙungiyoyin mata sun fi kowa saurin kama wannan.

Sai rubuta bayanin taro. Wanda aka saba gani labari ne mai shafi huɗu, wane ya ce, wane ya amsa, a ƙarshe ba a san abin da aka tsayar ba. Wanda ake koyarwa shafi ɗaya ne, kowane batu da abu huɗu a gabansa: shawarar da aka yanke, sunan wanda zai aiwatar, ranar da zai gama, da kuɗin da aka amince masa. Taro na gaba da wannan shafin ake buɗe shi. Ana kuma sa kowa ya buɗe tsarin mulkinsa ya nemo kwana nawa ya kamata a ba da sanarwa kafin taro, da mutum nawa ne sai sun halarta kafin shawara ta zama halattacciya. Shawarar da aka yanke ba tare da cika waɗannan ba, duk wanda bai ji daɗinta ba yana iya rushe ta, kuma yawanci a lokacin zaɓe ko rabon kuɗi ake tono irin wannan.

Makon dokoki shi ne wanda ya fi nuna wa mutum inda iliminsa ya tsaya, shi ne kuma wanda aka fi tauye wa lokaci. Lauya ce take koyar da shi, ta san aikinta, amma an cusa mata abin kwana uku a yini ɗaya. Duk da haka an fita da abubuwa masu nauyi. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, ba ta gama ba don ta karɓi satifiket. Akwai bayanin shekara-shekara da dole ta riƙa kaiwa, rashin kai shi yana jawo tara, kuma dokar 2020 ta buɗe hanyar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan aka samu almundahana ko sakaci da dukiya. In amintacce ya rasu ko ya bar gari, sai an sanar da hukumar an sauya sunansa, in ba haka ba ranar da za a je banki ko a yi cinikin fili ne matsalar za ta fito. Ƙungiyar gama-kai kuwa a ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha ake yi mata rajista, manoma da dama suna ɓata kuɗi da lokaci a kan rashin sanin wannan bambancin.

Ga masu ɗaukar ma'aikata, Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ga ma'aikatan gwamnati an taɓo wa'adin kwana bakwai na amsa takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai, da dokar sayayya ta Jihar Kaduna ta 2016, musamman haramcin daddatsa kwangila ɗaya zuwa ƙanana don a kauce wa yin tanda, wato gasar neman kwangila. Wannan ɓangaren na gwamnati an bi ta kansa a guje. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya zo takanas don shi zai fita da ƙishirwarsa, kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ambatonsu kawai aka yi.

Mako na shida, na tafiyar da mutane, matsakaici ne. Abin da ya fi amfani a cikinsa biyu ne. Ɗaya tsarin ladabtarwa: gargaɗi da baki a keɓe, sannan takardar tuhuma da ke faɗin laifin da ranar da aka yi shi, a ba mutum lokaci ya amsa a rubuce, kwamiti ya saurare shi, sannan hukunci. Tsallake matakin sauraro shi ke sa mai gaskiya ya faɗi a kotu. Ɗayan kuma takardar miƙa mulki, wadda za ta ƙunshi kuɗin da ke asusu a ranar, da basussukan da ake bi da waɗanda ake bin ƙungiya, da jerin kadarori, da takardun fili, da ayyukan da ba a gama ba, da lambobin sirri na imel da shafukan ƙungiya. Wannan na ƙarshen sabon abu ne da tsofaffin littattafai ba su san da shi ba, kuma ƙungiyoyi suna rasa shafinsu na Facebook ɗungurungum saboda tsohon sakatare ya tafi da shi a wayarsa.

Makon kwamfuta niyyarsa kyakkyawa ce, kayan aiki ne suka gaza. Kwamfutocin ba su kai rabin yawan 'yan aji ba, mutum biyu ko uku ke haɗuwa a kan ɗaya, wanda ya fi iyawa ya karɓe aikin, dattijon da aka shirya darasin dominsa ya koma ɗan kallo. In aka ɗauke wuta kuma sai an jira janareta. Koyar da Excel ga wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a cikin awa huɗu ba mai yiwuwa ba ne. Da a waya aka koyar, tunda kowa da ita ya zo kuma da ita zai yi aiki, da an fi cin riba. Ɓangaren tsaro dai ya yi kyau: kada a tura lambar BVN ko NIN ta mambobi ko sakamakon jarrabawar yara a zauren WhatsApp, a kunna matakin tsaro na biyu a manhajar, kada a karanta wa kowa lambar da banki ya turo ko da ya ce daga banki yake. Shugaba ne aka fi hari, domin in aka ƙwace WhatsApp ɗinsa, da sunansa za a roƙi jama'arsa kuɗi kuma za su tura.

A mako na takwas kowa yana da minti goma ya nuna abu ɗaya da ya gyara a wurinsa, da takarda a hannu: sabon littafin kuɗi, ko bayanin taro mai shafi ɗaya, ko takardun ɗaukar malamai. 'Yan aji su yi masa tambayoyi. Wannan ya fi jarrabawar rubutu nesa ba kusa ba.

Akwai matsalar harshe da ya kamata cibiyar ta gyara da gaggawa. Takardun darasi duk da Turanci suke, alhali muhawarar aji da Hausa ake yin mafi yawanta. Malamai suna fassarawa da baki, amma mutum ya koma gida da takardar da ba zai iya bita da ita ba. Shugaban ƙungiyar manoma da ya yi zurfi a karatun allo da na littattafai ba jahili ba ne, takardar ce ba a rubuta dominsa ba. A garin da aka kafa kamfanin Gaskiya, inda aka buga littattafan yaƙi da jahilci da suka karaɗe Arewa, rashin fassara samfurin bauca da na bayanin taro zuwa Hausa ba shi da uzuri. Lokacin ma yana da nasa cikas. Asabar ranar ɗaurin aure ce, shugaba kuma shi ake gayyata, sharaɗin rashin wuce fashi biyu yana kama mutane a nan. Zangon da ya faɗo a damina yana wahalar da manoma, don haka wanda yake noma ya nemi na rani. Akwai wurin alwala da salla, mata suna da ɓangarensu na zama, amma babu tanadi ga mai goyo.

Game da kuɗi, abin da aka biya ya ƙunshi takardun darasi da shayi da takardar shaida. Bai ƙunshi abincin rana ba, haka nan kuɗin mota sau takwas, da kuɗin ciro takardar asusu daga banki, da hoton takardu. Mai zuwa daga Soba ko Maƙarfi ya haɗa wannan a lissafinsa tun farko. Ƙungiyar da za ta iya, ta tura mutum biyu, shugaba da ma'aji ko sakatare. Wanda ya zo shi kaɗai yakan koma ya tarar da sauran 'yan kwamiti suna ganin sabon tsarin rashin yarda ne da su, musamman maganar sa hannu biyu da rasit, sai abin ya mutu a cikin wata guda. In su biyu ne, ɗaya yana tallafa wa ɗaya, kuma ya fi kyau a kai tsarin gaban babban taro a amince da shi a matsayin ƙa'idar kowa, shugaba ya fara ɗora ta a kan kansa.

Takardar shaidar ta halarta ce kawai. Ba ta cikin waɗanda hukumar jami'o'i ta NUC ko ta makarantun fasaha ta NBTE suka amince da su, ba za ta kawo ƙarin girma a aikin gwamnati ba, kuma cibiyar ba ta yi iƙirarin haka ba, wanda abin a yaba mata ne. Mai neman digiri ko difloma yana aiki, hanyarsa ita ce Cibiyar Karatu daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatu ta intanet a fannoni irin su sha'anin mulki da harkokin kasuwanci, ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Waɗancan shekaru suke ɗauka, suna ba da zurfi da takarda mai daraja. Wannan kuwa gyaran gaggawa ne na aikin da ke hannu, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Babban giɓin kwas ɗin shi ne ba shi da bibiya. Ranar da aka raba takardu aka ɗauki hoto, shi ke nan. Zauren WhatsApp na 'yan aji yana rayuwa na ɗan lokaci, daga baya ya koma na gaisuwar Juma'a da sanarwar biki. Kwas ɗin da ya buɗe da cewa ilimin shugaba yana tsufa bai kamata ya sallami mutane kamar sun sauke ba, domin abin da aka koyar a makon dokoki shi ma zai tsufa. Maganin kuwa yana cikin garin. A zaurukan malamai na cikin birni, irin na Unguwar Juma da Ƙona, dattawa suna ɗaukar karatu bayan asuba ko la'asar, shafi ɗaya ko rabi a rana, a biya a gaban malam ya gyara, gobe a dawo, a gama littafi a ɗauki wani, har tsufa. Kaɗan-kaɗan ne, kullum ne, kuma akwai mai gyara. Tsarin da ilimin shugabanci yake buƙata ke nan.

Kafin cibiyar ta yi nata, wanda ya gama zai iya haɗa mutum biyar ko shida daga ajinsu masu aiki iri ɗaya, su riƙa zama sau ɗaya a wata na awa biyu, ana zagayawa ofis-ofis. Mai masaukin baƙi ya fito da littafin kuɗinsa da bayanin taronsa na watan, sauran su duba. Mutum ɗaya kuma a ɗora masa karanto sashe guda na wata doka ko wata sabuwar sanarwar hukuma, ya yi bayaninsa da Hausa cikin minti goma sha biyar. Duk wata uku a gayyato lauya ko akanta a haɗa masa kuɗin mai. Kada adadin ya wuce shida, in ya wuce sai ya koma ƙungiya mai shugaba da ma'aji da rigimar kuɗin wata. Kada kuma a haɗa mutum da maigidansa na wurin aiki a rukuni ɗaya, domin ba zai buɗe baki ya faɗi inda ya kasa ba.

Mai makaranta, da ma'ajin masallaci, da shugaban ƙungiyar kasuwa ko ta manoma da kuɗin jama'a ke bi ta hannunsa, wannan kwas ya dace da su, ko don mako na biyu zuwa na biyar kaɗai. Babban jami'in gwamnati da ya riga ya san ƙa'idojin kuɗi ba zai ƙaru sosai ba, ya nemi bita ta musamman a kan sayayya ko haraji. Kafin a biya wa wannan ko wani makamancinsa, a nemi ganin jadawalin makonni da sunayen malamai da aikin da kowannensu ya taɓa yi, a tambaya ko za a yi aiki da takardun mahalarta, a kuma roƙi a ga samfurin takardar darasi guda ɗaya. Cibiyar da ta kasa nuna waɗannan, amma ta yi saurin nuna hoton satifiket da zauren otal, a riƙe kuɗi tukuna.